An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza, haka nan kuma majalisa ba ta ɗaukar zafi sai da dalili. A garin Yangoji, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Kwali ta Babban Birnin Tarayya, a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Abuja ta nufi Lakwaja, muna da wata majalisa da muka daɗe muna haɗuwa a cikinta bayan sallar isha'i. Ba wani wuri ba ne na a zo a gani. Teburin mai shayi ne da benci uku da fitila 'yar caji, sai ƙarar manyan motoci masu saukowa kudu da shanu da albasa, su komo da manja da katako. Cikinmu akwai malamin makaranta, akwai ɗalibai, akwai direba, akwai manomi, akwai kuma wani dattijo mai sayar da goro wanda kowa ke kira Baba. Shi kuwa mai shayin mutumin Maraɗi ne, ya fi shekara goma a garin, kuma da wuya a sami ɗayanmu wanda bai taɓa shan shayinsa bashi ba. Abin da ya faru a wannan majalisa a daren 31 ga Yuli, 2024, shi ne muke son mu bai wa mai karatu labarinsa, domin har yau in muka tuna sai kunya ta kama mu.

Washegarin wannan dare ne aka shirya fara zanga-zangar kwana goma a faɗin Nijeriya, domin nuna fushi ga tsadar rayuwa da rashin iya mulki. Dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 600, darajar naira ta faɗi, kuma a watan Yunin 2024 alƙaluman hukuma da kansu suka nuna hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari. Magidanci ya fita da kuɗin da a da ke cika buhu, ya dawo da 'yan mudu a leda.

Majalisa ta rabu biyu. Malamin makaranta da ɗalibai suka ce fita wajibi ce, suka kafa hujja da sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 wanda ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taruwa cikin lumana, suka kuma tunatar da mu cewa a Janairun 2012 da aka ɗaga farashin lita daga naira 65 zuwa 141, fitar jama'a ce ta tilasta wa gwamnati ta sauko da shi zuwa 97. Direba da manomi suka ce a'a, an san farkon fitina ba a san ƙarshenta ba, kuma malamai da dama sun yi huɗuba suna jan kunne, domin in wuta ta tashi rumfar talaka take fara ci. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, kuma muhawara ce mai tsabta wadda ba a zagi kowa a cikinta ba. Da a nan aka tsaya, da ba mu ɗauki alƙalami ba.

Ana cikin haka sai wani saurayi, wanda ya gama makaranta shekara uku ba aiki, ya ajiye kofinsa ya ce, "Ku dai kuna ta ambaton 'yan siyasa. Mu abin da ya kashe mu baƙi ne. Gadi nasu, haƙar rijiya tasu, leburanci nasu, kuma abin da ɗan ƙasa zai yi a dubu biyar su a dubu biyu za su yi. Su ne ke kwashe mana masara suna tsallaka iyaka da ita. In za a yi zanga-zangar gaskiya, a fara da korar 'yan Nijar, kowa ya koma gidan ubansa."

Ya kai mai karatu, ga inda laifinmu yake: ba wanda ya tanka. Wasu suka yi dariya, wasu suka gyaɗa kai, mu da muke ganin mun yi karatu muka sunkuyar da kai muna juya cokali. Shi kuwa mai shayi yana tsaye, tazarar taku biyu, yana fifita shayi daga wannan kofi zuwa wancan kamar bai ji ba. Hannunsa kaɗai ya nuna ya ji, domin shayin ya zuba a kan tebur, abin da ba mu taɓa gani ba.

Baba mai goro ne ya katse shirun. Ya ce, "Yaro, ka san inda aka yanke mini cibiya? A zangon Kumasi. Mahaifina fataucin goro ya kai shi ƙasar Gwanja tun yana saurayi, ya yi aure, ya gina gida. Ina ɗan shekara goma aka wayi gari aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fice cikin mako biyu. Gidan da ya yi shekara ashirin yana ginawa, kuɗin mota aka saye shi. A bayan babbar mota muka taho, mahaifiyata na riƙe da tukunya ɗaya. Da muka iso nan kuma aka riƙa ce mana 'yan Gana. To, gidan uban wa zan koma?"

Abin da Baba ya faɗa tarihi ne tabbatacce. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Firayim Minista Kofi Busiya ta Gana ta kafa dokar da ta ba baƙi marasa takardun zama kwana 14 su fita. Dubun dubatar mutane suka fita, akasarinsu 'yan Nijeriya, Yarbawa da Hausawa. Dalilin da aka bayar shi ne tattalin arziki ya taɓarɓare, aikin yi ya yi ƙaranci, baƙi sun mamaye kasuwa. Amma korar ba ta ɗaga farashin koko ba, ba ta biya bashin ƙasa ba, kuma a Janairun 1972 soja suka hamɓarar da Busiya.

Mu ma da namu ya zo ba mu ɗauki darasi ba. Lokacin da kuɗin man fetur ya yi ambaliya a shekarun 1970, mu ne muka buɗe ƙofa, malaman makaranta da magina da masu gyaran takalma suka kwararo daga Gana da Togo da Nijar da Cadi. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a yarjejeniyar da ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna har kwana 90 ba biza. Da farashin mai ya faɗi, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, zaɓe kuma yana tafe, sai aka waiwayi baƙo. An riga an shafa masa kashin kaji tun rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a Kano, domin shi Muhammadu Marwa daga Kamaru ya fito, alhali kuwa da yawan mabiyansa 'ya'yanmu ne da muka sake a titi. Ranar 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya shelanta cewa duk baƙon da ba shi da izini ya bar ƙasar cikin mako biyu. An ƙiyasta kimanin mutum miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Jakar nan ta leda mai zane-zane da muke zuba kaya a cikinta in za mu dawo makaranta, wadda muke kira Gana-mas-go muna dariya, daga wannan baƙin ciki ta samo suna. To, me korar ta gyara? Shinkafa ba ta sauko ba, masana'antu ba su buɗe ba, kuma ranar 31 ga Disamba ta wannan shekara soja suka kawar da gwamnatin Shagari. Su ma sojan suka rufe iyakoki a 1984, suka sake wata korar a 1985, talaka kuwa yana nan a layi yana jiran sabulu da madara.

Da aka zo nan a zance, sai mai shayi ya buɗe baki a karo na farko. A hankali ya ce, "Baba, mu a wajenmu yunwar waccan shekara El-Buhari muke kiranta. Fari ya cinye gero, iyaka kuma a rufe." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Wani abin lura kuma shi ne, sandar da aka sassaƙa domin baƙo ba ta tsayawa a kansa. A Janairun 1980, Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno kuma jigo a jam'iyyar adawa ta GNPP, an ɗauke shi aka tsallaka da shi Cadi da sunan wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da kotu ta tabbatar masa da 'yancinsa. Ashe kalmar baƙo riga ce da mai mulki ke ɗinkawa, ya sanya wa wanda ya ga dama.

Wannan salon siyasa ba a ƙasarmu kaɗai yake ba, kuma a 'yan shekarun nan a Turai da Amurka ya fi bunƙasa, a hannun jam'iyyun masu ra'ayin riƙau da tsattsauran kishin ƙasa. Dabararsu guda ce. Sukan sami talaka da ciwo na gaskiya, masana'antar garinsu ta rufe, haya ta yi tsada, layin asibiti ya yi tsawo. Sai su ce masa manyan ƙasa sun ci amanarka, wanda sau da yawa gaskiya ne. Daga nan sai su karkata yatsa su ce, sun ci amanarka ne domin sun fifita wancan baƙo a kanka. Da haka fushin da ya taso zai hau sama sai ya gangaro ƙasa, ya sauka a kan wanda ba shi da ƙuri'a balle mai kare shi. Batun baƙi yana cikin manyan abubuwan da aka yi yaƙin neman ƙuri'a da su lokacin da Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, da shi Donald Trump ya yi kamfe a 2016 da 2024, da shi Marine Le Pen ta sami fiye da kashi 41 cikin ɗari a zagaye na biyu na zaɓen Faransa a 2022.

Abin mamaki, a daidai makon da muke wannan muhawara a Yangoji, Ingila tana ci da wuta. Ranar 29 ga Yuli, 2024, wani matashi ya kashe 'yan mata ƙanana uku a garin Southport. Nan da nan aka baza ƙarya cewa Musulmi ne ɗan gudun hijira, alhali a Birtaniya aka haife shi. Washegari aka far wa masallacin garin, kuma ranar 4 ga Agusta aka nemi cinna wuta a wani otal da ke ɗauke da masu neman mafaka a Rotherham. Da muka ji labarin, duk majalisa ta yi tir, har da saurayin nan namu. Ba mu ga cewa bakin da ya furta waccan ƙarya da bakin da ya ce a kori 'yan Nijar harshe ɗaya suke magana da shi ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

In akwai al'ummar da ya kamata ta ji tsoron wannan siyasa, to mu ne. Bahaushe ɗan tafiya ne tun fil'azal. Zangonmu yana Kumasi da Akara, unguwarmu tana Sabo ta Ibadan, 'yan'uwanmu suna Mai Wurno a Sudan tun bayan yaƙin Burmi na 1903. A Yulin 2022, a jihar Bulu Nayil ta Sudan, rikici ya ɓarke bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta, aka ce musu ƙasar ba tasu ba ce ko da an haifi kakanninsu a can, aka rasa rayuka fiye da 100. A 2008 an kashe mutum fiye da 60 a Afirka ta Kudu saboda ƙyamar baƙi, a 2019 kuma sai da aka aika jirgi ya kwaso 'yan Nijeriya. Ba sai mun tsallaka iyaka ba ma: a Maris 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, taron jama'a ya tare mafarauta 'yan Arewa masu komawa Kano yin Sallah, aka kira su masu garkuwa da mutane, aka kashe 16. Kowannensu a idon wanda ya kashe shi baƙo ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Amma maganar da ta fi dukanmu a wancan dare ba daga Baba ta fito ba. Akwai wani manomin doya, ɗan ƙabilar Gbagyi waɗanda muka saba kira Gwarawa, wanda kan zauna a ƙarshen benci ba ya cika magana. Ya dubi saurayin ya yi murmushi ya ce, "Abokina, in kowa zai koma gidan ubansa, gobe da wa zan sha shayi a nan? Ni kaɗai za ku bari da bencin." Aka yi dariya, amma dariyar yaƙe ce, domin kowa ya gane. Mu da muke rabon takardar ɗan ƙasa da baƙo, wani daga Kano, wani daga Katsina, wani daga Zariya, a ƙasar wasu muke zaune. Tun ranar 3 ga Fabrairu, 1976, da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, Gbagyi da Gade da Ganagana da Bassa da Koro da Gwandara suke kallon gonakinsu suna komawa filoti, an tashi ƙauyuka, mu kuma muna ta kwararowa. In akwai mai ikon cewa baƙi sun cika gari, shi ne. Bai faɗa ba. Hatta sunan Abuja ɗin ma na 'yan gudun hijira ne: sarakunan Haɓe na Zazzau da jihadi ya kora suka gangaro kudu, Abu Ja ya kafa garinsa a 1828, garin da yau ake kira Suleja. Haka sarakunan Katsina suka yi arewa suka kafa Maraɗi, garin mai shayinmu. Layin da ya raba shi da mu Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba su tambayi kakansa ba, ba su tambayi namu ba.

Kada mai karatu ya zaci muna cewa ƙasa ta zauna ba ƙofa. Ko kusa. Makamai suna shigowa ta iyakokinmu, 'yan fashin daji suna tsallakawa su dawo, ana fasa-ƙwaurin mai da hatsi, kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ta ƙara dagula lissafi. Haƙƙin hukuma ne ta san mai shiga da mai fita. Haka nan kukan saurayin nan kuka ne na gaskiya, domin shekara uku ba aiki ba wasa ba ce, kuma mai yunwa ba a yi masa dogon wa'azi. Sai dai tambayar ita ce, wa aka ba amanar tsaron iyaka? Wa ke karɓar na goro a shingen hanya ya ɗaga wa tirela hannu? Wa ke da tirelar? Lallai ba mai haƙar rijiya ba ne. Wanda ya biya lebura dubu biyu maimakon biyar ɗan ƙasa ne, kuma shi ya ci ribar. An rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ba mu ga shinkafa ta yi araha ba. Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki, kuma ba wanda ya fi jin daɗin haka kamar jakin.

Ita zanga-zangar kuwa an yi ta, kuma kowane ɓangare na majalisarmu ya ga abin da ya faɗa. Jama'a sun fita da kuka na halal, ɓata-gari kuma sun fasa shaguna da ma'aikatu a Kano da wasu garuruwa, aka sa dokar hana fita. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24, 'yan sanda suka musanta. Da wasu matasa suka ɗaga tutar Rasha, sai hankali ya koma kan neman hannun baƙi, har aka tsare wasu ɗalibai shida da malaminsu daga Jami'ar Warso ta ƙasar Polan, waɗanda suka zo Kano domin koyon wannan harshe namu, kafin daga baya a sake su. Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da yara ƙanana a Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai da ƙasa ta ɗauki kuka Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya sauko da farashin mudu.

Abin da muka tsinta a cikin wannan duka shi ne, nuna fushi ga mai mulki haƙƙi ne, amma haƙƙi mai alƙibla. Ma'auninsa guda: dubi wanda yatsa ke nunawa. In yana nuna wanda ya nemi ƙuri'armu, ya riƙe baitulmali, yana da ikon gyarawa, to wannan neman haƙƙi ne, ko a titi aka yi shi ko a ofishin kansila ko a akwatin zaɓe. In kuwa yana nuna wanda ya fi mu rauni, to zalunci ne ya ari rigar neman haƙƙi. Mu da muke ƙirga shekarunmu daga Hijira, muke koya wa yara yadda Najjashi na Habasha ya karɓi Sahabbai da yadda mutanen Madina suka raba dukiyarsu da Muhajirai, muke tinƙaho da hijirar Shehu daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, muke cewa baƙo ne ya kashe macijin Kusugu a Daura, bai kamace mu a ji wannan magana a bakinmu ba, ko a ji shirunmu a kanta.

Kwana huɗu mai shayi bai fito ba. Muka ce ko saboda halin da gari ke ciki ne, amma zuciyarmu ta san dalili. A rana ta biyar Baba ya ja mu, har da saurayin, muka same shi a ɗan ɗakinsa, muka tarar ya ɗaure kayansa a jaka biyu, irin jakar nan mai zane-zane. Saurayin ya durƙusa ya ce, "Malam, ka yafe mini, zafin rayuwa ne." Ya ce, "Ba komai, ɗan'uwa. Maganarka ba ta dame ni ba, yaro ne kai. Shirun manya ne ya sa na ɗaure kaya." Ba mu sami abin cewa ba. Da dare ya hura wuta, ya ɗora tukunya, ya buɗe littafin bashi ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Har yau muna muhawara a majalisar Yangoji, kuma har yau ba mu daidaita a kan fita ko zama ba. Abu ɗaya muka ɗaukar wa kanmu alkawari, cewa duk ranar da aka sake nuna baƙo da yatsa a gabanmu, ba za mu juya cokali ba. Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya ba mu ƙarfin halin faɗa musu gaskiya, Ya kuma tsare mu daga zaluntar wanda ya fake a inuwarmu, amin.